DOKA, TARBIYYA DA BAƘO: WAIWAYE A KAN 'YAN MAZAN JIYA NA BAMINGAM



Duk sa'ad da zaɓe ya matso a ƙasar nan, gardama guda ce ta kan tashi tsakaninmu mutanen zango, ko a nan Aston ko wurin 'yan'uwanmu na Manchesta. Dattawa su kan ce 'yan mazan jiya, watau mutanen Jam'iyyar Konsabatib da masu ra'ayi irin nasu, su ne bakinsu ya zo ɗaya da namu, gama suna girmama aure, suna son yaro ya ji maganar na gaba da shi, ba su kuma son a rushe abin da aka gada. Samari kuwa su kan ce ina! Ai waɗannan su ne suka so a ɗaure mana kayanmu a mai da mu inda muka fito. Kowa ya kafe a kan tasa, a watse ba wanda ya ji ta wani.

Saboda haka muka ga ya kyautu mu waiwayi tarihi, tun da an ce waiwaye adon tafiya ne. Ba sai mun yi nisa ba. Manyan rigingimun da Turawan Ingila suka yi a kan sarauta da doka da tarbiyya, da yawansu sun bar sawu a garin nan na Bamingam, waɗansu ma a nan bayan gidajenmu. In muka bi sawun a hankali za mu ga dattawa suna da gaskiya, samari suna da gaskiya, amma kowane ɓangare rabinta ya riƙe.

GIDAN HOLTE

Kowa a cikinmu ya san babban gidan nan na jan bulo da ke kan tudu cikin lambun Aston, yana kallon filin ƙwallon Aston Villa. Wani mai ƙasa, Sir Thomas Holte, shi ya fara gina shi cikin 1618, aka gama cikin 1635. A zamaninsa ne Sarki Charles na Ɗaya ya ɓata da Majalisar Dokoki. Sarki yana ganin mulkinsa daga Allah ya ke, ba mai ikon tuhumarsa. Majalisa tana cewa ba haraji sai da yardarta. Magana ta kai ga yaƙi. Holte ya bi Sarki, har Sarki ya kwana a gidansa cikin Oktoba 1642, kwanaki kaɗan kafin gwabzawar Edgehill. Mutanen Bamingam kuwa, maƙera da masu sana'a, yawancinsu Majalisa suka bi. Cikin Disamba 1643 mayaƙan Majalisa suka kewaye gidan suka yi masa ruwan igwa, har yau wanda ya shiga zai ga inda harsashi ya fasa katakon matakala.

Cikin 1649 aka sare kan Sarki. Amma da aka ɗanɗana mulkin soja, shekara goma sha ɗaya kawai aka yi, cikin 1660 Turawa suka kira ɗansa suka ɗora shi a gadon ubansa. Daga rigimar gadon sarauta da ta biyo baya ne aka sami ƙungiyar da a ke kira Tori, kakar Jam'iyyar Konsabatib ta yau, kirarinsu shi ne riƙe Coci da Sarki.

BURKE DA WUTAR 1791

Wanda ya shimfiɗa ra'ayin nan a takarda har ya zama ilmi shi ne Edmund Burke, haifaffen ƙasar Ayalan, wakili a Majalisar Dokoki. Cikin 1789 mutanen Faransa suka tayar wa sarkinsu, suka ce za su share kome su sake gina ƙasa bisa hankali zalla. Cikin 1790 Burke ya fid da littafi yana gargaɗi. Taƙaicen maganarsa shi ne, al'adu da dokokin da aka gada tarin hikimar mutane ne masu yawa da suka shuɗe, hankalin tsara guda bai kai ya zubar da su dare ɗaya ba. Masu rai riƙon amana su ke yi, sun karɓa daga iyaye za su miƙa wa jikoki. Son ƙasa kuma daga son ƙaramin taro ya ke tsira, watau gida da unguwa da wurin ibada. Bai hana gyara ba, sai dai irin gyaran da ya ke so shi ne wanda mu za mu kwatanta da yaɓen katanga kafin damina, a toshe tsaga a bar tushe. Shi ne kuma ya yi shekaru yana tuhumar Warren Hastings, tsohon gwamnan Turawa a Indiya, a kan zaluntar mutanen ƙasar. Dattawanmu, ai kun ji maganarku a bakin Bature.

To, amma ga abin da ya auku a Bamingam shekara guda bayan littafin. Akwai wani malami a garin, Joseph Priestley, masanin kimiyya, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano iskar nan da mu ke shaƙa mu rayu. Limami ne na wata ƙaramar ɗarikar Kirista wadda ba ta bin Cocin Ingila, yana koyar da cewa Allah ɗaya ne ba uku ba, Annabi Isa kuwa mutum ne. A zamanin doka ta hana waɗanda ba su bin Cocin Ingila riƙe muƙamin hukuma, shi kuwa yana neman a soke dokar. Ran 14 ga Yuli 1791 waɗansu masu ra'ayi irin nasa suka yi liyafa a wani otel don tunawa da juyin Faransa. Da dare ya yi sai taro ya fito yana kirarin Coci da Sarki. Suka ƙone ɗakunan ibadarsu, suka ƙone gidan Priestley da littattafansa da kayan bincikensa. Aka kwana uku ana ɓarna kafin soja su iso. Priestley ya tsere Landan, cikin 1794 ya ƙaura Amurka, can ya mutu.

Burke bai aiki kowa ya sa wuta ba. Amma mu lura, maganar kare gado in ta bar bakin malami ta shiga bakin taro, a kan 'yan tsiraru ta kan sauka. Kada kuma a zaci ɓangare guda ne kaɗai ya san jifa. Cikin Oktoba 1884 'yan Konsabatib suka shirya babban taro a filin shaƙatawa na Aston, inda daga baya aka gina filin Villa, Lord Randolph Churchill zai yi jawabi. Lokacin ana rigima a kan ba ƙarin talakawa ƙuri'a. Magoya bayan Joseph Chamberlain na Jam'iyyar Libaral suka haura katanga suka tarwatsa taron, aka yi ta doke-doke da kujeru. Masu neman sauyi ma sun iya hana abokin gaba magana.

JOJI DA MALAMI

Yanzu mu zo kan ainihin tambaya: shin aikin doka ne ta tsare tarbiyya? Cikin 1957 wani kwamiti na gwamnati, wanda Sir John Wolfenden ya shugabanta, ya ba da rahoto a kan karuwanci da kuma tarayyar namiji da namiji. Kwamitin ya ce aikin doka shi ne ta tsare zaman lafiya a sarari, ta kare yara da raunana, amma abin da manya biyu suka yi a ɓoye bisa yardarsu ba huruminta ba ne, ko da jama'a suna ganin zunubi ne.

Cikin 1959 wani babban joji, Patrick Devlin, ya tashi ya musa. Ya ce abin da ke ɗaure jama'a wuri guda ya wuce gwamnati da 'yan sanda, akwai igiyar ɗabi'a wadda kowa ya yarda da ita, in ta kwance ƙasa ta warwatse. Don haka jama'a na da ikon kare wannan igiya da doka, kamar yadda su ke kare kansu daga cin amanar ƙasa. Da aka ce wa zai faɗi inda iyaka ta ke, sai ya ce mutum na kan titi mai hankali, irin mutum goma sha biyun nan da a ke zaɓa su taya joji yanke hukunci. Abin da irin wannan mutum ya ƙyamata ƙyama ta gaske, har ya ga ba shi haƙuruwa, doka na iya hana shi.

Wani malamin shari'a na Jami'ar Oksfod, H. L. A. Hart, ya mai da masa martani a shekarar, ya kuma faɗaɗa shi cikin littafi a 1963. Ya bi sawun John Stuart Mill wanda ya rubuta tun 1859 cewa cutar da wani ita ce dalilin da zai sa hukuma ta tilasta wa mutum. Hart ya ce ba a taɓa nuna cewa ƙasa ta rushe don ɗabi'unta sun sauya ba, ya ce kuma ƙyamar masu yawa ba hujja ba ce, gama da ƙyamar masu yawa aka ƙone mayu a zamanin da.

Majalisa ta bi Hart fiye da Devlin. Cikin 1961 aka buɗe shagunan caca bisa doka, kuma mu lura, gwamnatin Konsabatib ta Harold Macmillan ce ta halatta su. Cikin 1965 aka dakatar da rataye mai kisan kai. Cikin 1967 aka halatta zub da ciki bisa sharuɗɗa, aka kuma zartar da shawarar Wolfenden. Cikin 1969 aka sauƙaƙa saki. Cikin shekara goma kacal Ingila ta sake kama.

Mu da muka taso da karatun umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, muka kuma san Hisba ta Kano wadda aka kafa da doka cikin 2003, maganar Devlin ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Amma mu tsaya mu yi tambaya guda kafin mu yi masa tafi. Wannan mutum na kan titi da Devlin ya ba wuƙa da nama, wane ne shi? A Kano Musulmi ne. A Ingila kuwa fa? Tarihin Bamingam ya ba da amsa cikin shekara guda.

SHEKARA TA 1964

Ran 5 ga Mayu 1964 wata malamar makaranta, Mary Whitehouse, ta tara mutane kimanin 2,000 a Babban Zauren Gari na Bamingam. Kukanta shi ne talabijin na shigo da batsa da zage-zage da raina addini har cikin ɗaki, yana lalata tarbiyyar da iyaye ke wahala a kanta. Shekara ta gaba ta kafa ƙungiyar masu kallo da sauraro, aka kai wa Majalisa takardar koke mai sa hannun mutum fiye da 300,000. 'Yan boko sun yi mata dariya ƙwarai. Amma duk uwar da ke zangon nan wadda ta taɓa ƙwace waya daga hannun yaro ta san matar nan ba hauka ta ke yi ba.

Wata biyar bayan haka, cikin Oktoba 1964, aka yi babban zaɓe. A Smethwick, nan maƙwabtanmu ta yamma, ɗan takarar Konsabatib Peter Griffiths ya ka da Patrick Gordon Walker na Leba. An yi yaƙin zaɓen da wani ƙazamin take mai cewa wanda ke son baƙar fata ya zama maƙwabcinsa ya zaɓi Leba. Griffiths ya ce ba shi ya ƙaga taken ba, amma ya ƙi la'antarsa. Majalisar garin har ta yi niyyar saye gidajen titin Marshall don a ba farar fata kaɗai haya. Malcolm X ya zo daga Amurka ya taka titin nan ran 12 ga Fabrairu 1965, kwana tara kafin a kashe shi.

Sa'an nan ran 20 ga Afrilu 1968 Enoch Powell, haifaffen Bamingam, wakilin Wolverhampton, ya yi jawabi a otel ɗin Midland, wanda mutane suka laƙaba wa suna jawabin kogunan jini. Ya nemi a tsai da shigowar baƙi, a kuma ƙarfafa wa waɗanda ke nan su koma. Ya soki dokar da a ke shirin yi ta hana wariya wajen ba da aiki da hayar gida. Hujjarsa ita ce yana faɗin abin da mutum na kan titi ke ji. Mu yi adalci, shugaban jam'iyyarsa Edward Heath ya tuɓe shi daga muƙaminsa kashegari. Amma leburorin tashar jirgin ruwa ta Landan sun yi zanga-zangar goyon bayansa. Abin mamaki kuma, Powell ɗin nan ya jefa ƙuri'ar goyon bayan shawarar Wolfenden, ya kuma ƙi hukuncin rataya. Watau wanda ya fi kowa ƙin baƙo bai ma tsaya tare da dattawanmu a kan tarbiyya ba.

Dokar da Powell ya ƙi ta wuce cikin 1968, aka ƙarfafa ta cikin 1976. 'Yan addinin Sik sun sha gwagwarmaya a kan rawaninsu. A Manchesta an yi shekara bakwai, daga 1959 zuwa 1966, kafin a yarda ma'aikacin bas ya yi aiki da rawani, a Wolverhampton kuwa sai 1969. Cikin 1983 Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta yanke cewa wata makaranta a Bamingam ta karya doka da ta ƙi karɓar yaro saboda rawaninsa. A inuwar irin waɗannan dokoki ne 'yarmu ke zuwa aiki da lulluɓinta yau. Da an bar maganar a hannun ƙyamar masu yawa, da ba ta samu ba.

DOKAR SAƁO

Ga wani misali wanda ya fi kowanne fito da abin a fili. Ingila tana da tsohuwar doka ta hana saɓo. Cikin 1977 Mary Whitehouse ta kai ƙarar wata jarida a kan wata waƙa da ta wulaƙanta Annabi Isa, ta kuwa ci shari'ar. Cikin 1988 littafin Salman Rushdie ya fito, ran Musulmi ya ɓaci. Wani Musulmi ya bi hanyar da matar ta bi, ya kai ƙara da dokar nan. Cikin 1990 kotu ta ce dokar saɓo addinin Kirista kaɗai ta ke karewa, ba ta san Musulunci ba. Cikin 2008 aka soke ta ɗungum a Ingila da Wales. To, kun ji. Dokar da aka yi don tsare addinin masu gari, ran da muka neme ta ba ta amsa sallamarmu ba.

ƘOFAR MAKARANTA

A zamaninmu rigimar ta koma ƙofar makaranta, kuma wannan karon mu ne a matsayin Mary Whitehouse. Cikin 2014 wata wasiƙa marar sa hannu ta bazu, tana cewa akwai makircin Musulmi na ƙwace makarantun Bamingam. Mutane da yawa sun tafi a kan cewa wasiƙar ƙage ce. Duk da haka sufetoci suka binciki makarantu 21. Ministan ilmi Michael Gove, ɗan Konsabatib, ya naɗa tsohon shugaban 'yan sandan yaƙi da ta'addanci ya yi bincike. Rahoton bai sami ta'addanci ba, amma ya ce an yi ƙoƙarin cusa tsattsauran ra'ayin addini a waɗansu makarantu. Aka wajabta wa makarantu koyar da abin da aka kira ɗabi'un Birtaniya. Shari'ar da aka shigar a kan manyan malaman ta rushe cikin 2017.

Cikin 2019 iyaye, yawancinsu Musulmi, suka tsaya a ƙofar makarantar Parkfield da ta Anderton Park, suna ƙin darussan da ke nuna wa ƙananan yara iyali mai uba biyu ko uwa biyu. Iyayen sun ce yaran sun yi ƙanƙanta, kuma haƙƙin uwa da uba ne su koyar da wannan babi. Makarantun sun ce dokar daidaito ta 2010 su ke bi, kuma akwai yara daga irin waɗannan gidaje waɗanda bai kamata a tsangwame su ba. Cikin Nuwamba 2019 Babbar Kotu ta hana zanga-zanga a kewayen Anderton Park. Daga 2020 darasin zamantakewa ya zama tilas a makarantun firamare na Ingila.

Dattawa su duba nan. Gwamnatin da David Cameron na Konsabatib ya shugabanta ce ta kawo dokar auren jinsi ɗaya cikin 2013, gwamnatin Konsabatib ce kuma ta wajabta darasin. Samari su ma su duba. Dokar nan ta 2010, wadda gwamnatin Leba ta yi, ita ce ke kare addininmu a wurin aiki, ita ce kuma ke kare waɗanda addininmu bai yarda da hanyarsu ba. Rumfa guda ce, wanda ya tuge dirkarta don ya kori maƙwabci, rana za ta dake shi shi ma. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Bamingam, amma a Ingila da Wales duka kashi 6.5 ne kawai. Doka kuwa a Landan a ke yin ta.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Zama ƙarƙashin dokar wani ba sabon abu ba ne gare mu. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka zauna a Salaga, da waɗanda suka warwatsu bayan yaƙin Salaga na 1892 zuwa Kete Kirachi da Kumasi da Akra, duk a ƙasar sarakunan da ba Musulmi ba suka zauna. Malaman Wangarawa suna da koyarwar Alhaji Salim Suwari, cewa Musulmi na iya zama lafiya ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba muddin an bar shi da addininsa, aikinsa shi ne ya riƙe ilmi ya zama abin koyi. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango na Akra a kan filin da sarakunan Ga suka ba shi. Waɗannan mutane ba su nemi Sarkin Asante ya hana giya a Kumasi ba. Fili suka nema, da aminci, da a bar su da sha'aninsu. A cikin filin suka kafa sarkin zango, da liman, da makarantar allo, da mai gida wanda ke saukar da baƙo ya tsaya masa. Da waɗannan aka riƙe harshe da addini da kunya fiye da shekara ɗari. Ƙaramin taron da Burke ya yaba, kakanninmu sun gina shi ba su taɓa jin sunansa ba.

Sun kuma koya mana abin da jingina da jam'iyya ke jawowa. Cikin 1954 Musulmin Gwalkwas suka tsaya zaɓe da jam'iyyarsu, suka haɗa kai da masu kare sarautun gargajiya a kan Kwame Nkrumah. Cikin 1957 gwamnatin Nkrumah, ta masu neman sauyi, ta kori shugabannin zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya. Da suka je kotu sai Majalisa ta yi doka musamman da sunansu. To, ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia, magajiyar ɓangaren da iyayenmu suka goya wa baya, ta ba baƙi marasa takarda kwana goma sha huɗu su bar Gana. Dubun dubatar mutanen zango suka sayar da kayansu a wulaƙance, waɗansu a nan aka haife su. Wannan ya faru shekara ɗaya da 'yan watanni bayan jawabin Powell. Ta hagu ta kore mu, ta dama ma ta kore mu.

IGIYA UKU

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, ra'ayin 'yan mazan jiya igiya uku ce aka tufka wuri guda, ya kamata mu warware su mu dubi kowace.

Ta fari ita ce a yi sauyi a hankali, a girmama abin da aka gada, a ƙarfafa gida da unguwa da wurin ibada. Wannan tamu ce tun fil azal, samari kada su ji kunyarta. Sai dai dattawa su tuna cikinta akwai gyara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ko da ya ke al'ada ce da aka gada. Auren dole da hana 'ya mace karatu tsaga ne a katanga, in ba mu yaɓe su da kanmu ba, wani zai rushe mana katangar duka.

Ta biyu ita ce doka ta tilasta ɗabi'ar masu yawa. Wannan takobi ne mai kaifi biyu, ƙotarsa kuwa ba a hannunmu ta ke ba. Jiya ɗabi'ar masu yawa ta ƙi rawani, yau tana koyar da abin da iyaye suka ƙi, gobe Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Ɗan tsiraru da ya roƙi hukuma ta ɗauki wannan takobi ya tuna ba shi zai zaɓi wuyan da zai sauka a kai ba.

Ta uku ita ce ƙasa ta 'yan gado ce, baƙo raɓa ne. Wannan ita ce ta Smethwick da ta Powell da ta 1969, ba mu da rabo a cikinta ko da mai faɗinta ya iya zancen aure da iyali.

Saboda haka abin da ya kamace mu mu nema wurin doka shi ne abin da kakanninmu suka nema: fili, da aminci, da haƙƙin iyaye. Ana kuwa samu in an bi ta ƙofa. Dokar ilmi ta 1944, wadda R. A. Butler ɗan Konsabatib ya kawo, ta tabbatar wa iyaye ikon janye yaro daga darasin addini da ibadar safe ta makaranta, har yanzu ikon yana nan. Cikin 1998 makarantar Al-Furqan ta nan Bamingam ta zama ɗaya daga cikin makarantun Musulmi biyu na farko da gwamnati ta ɗauki nauyinsu, bayan shekaru ana rubuta takardu ana haƙuri. Ɗan Gana ko Nijeriya mai takardar zama yana da ƙuri'a a ƙasar nan. Kowace makarantar da majalisar gari ke riƙe da ita tana da kujerun iyaye a kwamitinta. Wanda ya zauna a kujerar ya fi mai ihu a bakin ƙofa a ji maganarsa.

Sauran aikin kuwa namu ne. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ba kuwa joji ko ɗan majalisa zai tanƙwara mana ba. Makarantarmu ta yamma tana bukatar malamai da kuɗin haya. Yaran da aka haifa a nan suna bukatar dattijon da zai saurare su da harshen da su ke ji, ya amsa tambayarsu ba tsawa. In zaɓe ya zo, kowa ya zaɓi wanda ya ga dama, amma a tambayi kowane ɗan takara, ko na wace jam'iyya ne, wace igiya ya riƙe cikin ukun nan.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Haza wassalam.